Barin Kano in koma Kazaure da iyali, riba ce ko wahala zan saya da kuɗina?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema don Allah, kuma na fi son wanda ya taɓa yi ya ba ni labarin yadda ta kaya masa, istihara kam na yi ina kan yi. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano shekara tara ke nan, ba ni da shago nawa na kaina, teburi ne a cikin shagon wani muke haɗa kuɗin haya. Ina zaune a Kurna, ciki da falo, mata ɗaya yara uku. To satin da ya wuce mai gida ya turo ejan wai in wa'adina ya cika a watan huɗu haya ta tashi daga dubu 350 ta koma dubu 550, in ba zan iya ba akwai masu jira. Ga kuɗin adaidaita sahu kullum hawa biyu zuwa hawa biyu dawowa, ga ruwa sai mai kura ya kawo, ga kuɗin makarantar yara biyu, tun da aka cire tallafin mai a 2023 wlh ban sake ajiye abin da za a kira kuɗi ba, abin da ya shigo da safe kafin isha ya fita.

Mu asalinmu 'yan Kazaure ne. Baba ya rasu ya bar gida, akwai sashe guda ɗaki biyu ba kowa a ciki sai tarkace, Hajiyarmu tana nan da ranta, ga gonar gado da ƙanina yake nomawa. Zuciyata tana ce min in tattara in koma in buɗe ɗan shago a can in huta da haya. Wata zuciyar kuma tana cewa anya kuwa, mutane suna ta kwararowa Kano kai kana fita? Me kuka gani?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumussalam. Kada ka soma. Kowace safiya ka tsaya a Dawanau ka ƙirga motocin da ke shigowa cike da samari daga wajen Dambatta da Kazaure da Daura, neman me suka zo yi in da kuɗi a can? Ka nemi gida mai sauƙi a Bachirawa ko can cikin Rimin Kebe ka lallaɓa, Kano ba a barinta.

Malamin Firamare:
Malam Baban Ilham ni na yi irin wannan ƙaura amma tawa da taka ba ɗaya ba ce, shi ya sa nake son ka karanta a hankali. Na bar Kano na koma Ringim shekara shida da suka wuce kuma ban taɓa nadama ba, amma ni ɗan albashi ne. Albashina ko ina Kano ko ina Ringim shi ne dai, ƙarshen wata alat zai shigo, abin da ya canza kawai shi ne abin da ke fita. Da ƙafa nake zuwa makaranta, hatsi a kaka nake saye buhu-buhu kai tsaye daga hannun manomi in jibge a ɗaki, itace da gawayi da sauƙi. Ko da aka mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 70 a 2024 abokaina na Kano ba su ji a jikinsu ba don mota da haya sun cinye, ni kuwa na ji.

Kai kuma kuɗinka a aljihun mutanen da ke wucewa ta gaban teburinka yake. In ka ɗauke teburin ka kai inda masu wucewa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na Farm Centre ba, to ba haya kaɗai ka rage ba, har da cinikin. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta waya nawa kake gyarawa a rana yanzu, sannan ka tambayi wani mai gyara a can nawa yake yi, kafin ka yi maganar motar kwasar kaya.

Mai POS Dambatta:
Hhhh Allah sarki, kamar ni ne na rubuta wannan shekara huɗu baya. Yaya bari in faɗa maka abin da ba wanda ya faɗa min kafin in koma gida. Ba rashin ciniki ne ya karya ni ba, ciniki akwai musamman ran Lahadi da kasuwarmu take ci, BASHI ne. A Kano wanda ya zo wajenka bai san ubanka ba, ya ba ka kuɗi ka ba shi kaya kowa ya kama gabansa. A gida kuwa wanda zai tsaya a gaban kantarka ko ƙanin babanka ne, ko mijin gwaggonka, ko wanda kuka yi makarantar allo tare, ya ce tura min dubu biyar zuwa yamma in na sayar da akuya zan kawo. Za ka ce masa a'a? In ka ce a'a kafin magariba magana ta kai wajen tsohuwarka wai ɗanta ya je birni ya koyo wulaƙanci.

Ina da wani littafi mai bangon shuɗi har yanzu yana cikin durowa, na raba shafuka, kowane gida da shafinsa. Ranar da na zauna na haɗa lissafi sai na ga abin da ke waje ya fi abin da ke cikin na'ura. Akwai wani dattijo da in na hango shi daga nesa ni ne ke sunkuyar da kai in canza hanya don kada ya ji kunya, ka ji fa, ni mai bin bashi ni ke ɓuya. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi farkon 2023 da masu POS suka samu, ni rabin abin da na samo da ƙyar 'yan uwa na raba wa ba caji. Ban bar garin ba, ina nan, amma sai da na ɗauko yaro baƙo daga wani gari na zaunar a shagon na ce duk wanda ya tambaya a ce mai shago ba ya nan.

Baban Ilham:
@Mai POS Dambatta wannan ta taɓa ni gsky, don ko yanzu in na je sallah wayoyi ake tara min a leda, ba wanda ya taɓa tambayar nawa ne kuɗin sikirin.

Maman Khairat:
Ni duk na karanta ban ga inda aka ambaci matar gidan ba. Baban Ilham ka ce zuciyarka ta ce kaza wata zuciyar ta ce kaza, ita Maman Ilham ɗin me tata zuciyar ta ce? 'Yar ina ce? Tana sana'a? Kuma sashen nan da kake magana ƙofarsa daban ko tsakar gida ɗaya ne da Hajiya, madafi ɗaya banɗaki ɗaya? Ku maza kuna fita tun safe sai dare, ita ce za ta wuni a gidan. Ba na cewa Hajiya tana da matsala Allah ya ƙara mata lafiya, amma zo mu zauna zo mu saɓa ne, matar da ta shekara goma tana dafa abin da ta ga dama a lokacin da ta ga dama, rana ɗaya a ce komai sai an leƙa tukunyarta, ko Indomie ta dafa wa yara sai an ce ba ta iya tuwo ba.

Ummu Sudais:
Anti kin gama magana wlh. Ni aka kai ni garin mijina wata takwas na yi na rame kamar na yi jinya, ba wanda ya zage ni ko sau ɗaya, ido ne kawai. In ka sa sabon atamfa an gani, in ka yi kwana biyu ba ka shiga gaisuwa sashen kowa ba an gani.

Baban Ilham:
@Maman Khairat Hajiya kin kama ni. 'Yar Kano ce, iyayenta suna Gwammaja. Tana yin cincin da dubulan da alkaki na biki, a status ɗin WhatsApp take tallatawa mai adaidaita ya kai. Na ɗan taɓa mata maganar ta ce duk yadda na gani, amma tun ranar ba ta cika magana ba. Tsakar gida ɗaya ne amma ana iya jan katanga a fasa ƙofa ta waje.

Maman Khairat:
"Duk yadda ka gani" ɗin nan ba amincewa ba ce ɗan uwa, kara ce. Kuma ka sa kuɗin cincin ɗinta a lissafin da Malam ya ce ka yi, don na tabbata sabulu da omo da kuɗin tara na yara da kai ba ka san an kashe ba daga nan suke fita. Kwastomominta ba za su bi ta Kazaure ba.

Injiniya Sola:
Jama'a ku daina magana kamar wani ƙauyen ƙayau za shi. Kazaure fa hedikwatar masarauta ce, ɗaya daga cikin biyar na Jigawa tare da Dutse da Hadejia da Gumel da Ringim, kuma Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk nan suke shigowa sayayya. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya wato Hussaini Adamu, ɗalibai ne fal kuma ɗalibi ya gwammace ya kwana da yunwa da ya kwana wayarsa a mace. Ga Babura nan kusa an kafa jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Dambatta da Kazaure da Daura ya bi. Kafin 1991 ma ai duk jihar Kano ce, yankewa aka yi. Ni ina zuwa aikin haɗa sola a can, garin yana buɗewa, filin da ake rainawa da yanzu sai mai kuɗi. Wanda ya riga zuwa shi zai kama bakin titi.

Ɗan Kwari:
Injiniya da jirgin ƙasa za a biya kuɗin makaranta? Bari ya fara tafiya tukuna mu gani. Kuma ɗaliban da kake magana in aka yi hutu ko aka tafi yajin aiki garin sai ka ji kamar an yi shara, mai shago ya zauna yana korar ƙuda wata biyu.

Bazazzage:
Ku ƙyale Ɗan Kwari, Bakano ko Makka aka kai shi sai ya tambaya ina Kantin Kwarin garin yake 😂

Ɗan Kwari:
Kai dai da ka zo Kano cin arziki ka yi shiru, mun san ku.

Nas Hauwa:
Ni ta ɓangaren da na sani zan yi magana. Kana da yara ƙanana uku kuma iyalinka tana shekarun haihuwa. Zazzaɓi, gudawa, awo, rigakafi, haihuwa lafiya lau, duk wannan babban asibitin gari irin Kazaure zai yi maka, wani lokacin ma ka fi samun ganin likita da wuri don layin bai kai na Kano ba. Inda ake jin jiki shi ne abin da ya zo da tsakar dare ya fi ƙarfin wurin. Yayata a wani ƙaramin gari take aure ba zan faɗi sunansa ba, haihuwarta ta huɗu jini ya ɓalle ƙarfe ɗaya na dare, aka je asibiti ba jinin irin nata a ajiye, wanda zai yi aikin kuma ba ya gari. Mijin ya bi gida-gida yana buga ƙofa neman mai mota, wanda aka samu ba mai a tankinsa, gidajen mai duk a rufe sai wajen 'yan bumburutu aka tayar da wani daga barci. Ina riƙe da waya ina jin kukan babarmu har suka iso Kano da asuba. Allah ya yi da sauran kwana ta tashi, jaririn bai zo da rai ba.

Ban faɗa don in tsorata ka ba, ajali ko a ƙofar asibitin Malam Aminu Kano kake zai same ka. Kuma Kazaure a kan babban titi take, awa ɗaya da wani abu ka shigo Kano, ba kamar inda yayata take ba. Amma in za ka koma ka san rukunin jinin matarka, ka san mutum biyu da za su iya ba ta, ka kuma san mai motar da za ka kira ƙarfe biyun dare ya ɗauka. In akwai mai sikila ko asma a yaran kuma to lissafin ya canza gaba ɗaya.

Baban Ilham:
Allah ya jiƙan yaron ya sa mai ceto ne. Alhamdulillah ba mai sikila. Na gode ƙwarai Anti.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, ni na yi shekara talatin da biyar ina aiki a birni na dawo gida, saura kaɗan in ce maka ka taho kawai amma na ga yaran nan sun kawo hujjoji masu nauyi. Abin da zan ƙara shi ne tarbiyya. A nan jikokina suna fita makarantar allo da asuba su dawo ba wanda ke fargaba, in yaro ya yi ba daidai ba a layi maƙwabci zai tsawatar masa kafin labari ya zo min. A unguwannin da kake magana kuwa kai da kanka ka san ana magariba kowa ke cusa wayarsa cikin wando saboda masu ƙwace, ga faɗan daba. Sannan mahaifiyarka. Kana da damar ka gaishe ta kowace safiya ka ci tuwon hannunta, wallahi akwai ranar da za ka ba da duk abin da ka tara a Farm Centre don ka samu safiya ɗaya irin wannan ba za ka samu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abba Kwamfuta:
Baba Allah ya ƙara girma, maganar mahaifiya ba ja. Amma ta tarbiyya ina da ɗan ja da ladabi. Ni a ƙaramin gari na tashi kuma shaye-shayen da na gani a bayan makarantar sakandarenmu ban gan shi a Kano ba, saboda zaman banza, samari ba aikin yi daga an gama girbi sai majalisa da ƙwaya. Wayar da ke lalata yaro a Kurna ita ce dai a Kazaure, TikTok ɗaya ne. Sannan makarantar boko, in ya saba da mai kuɗi a Kano sai ya duba da idonsa wace zai sa su a can, kada a je yaro yana aji huɗu ya koma ba ya iya karanta sunansa.

Baba Mai Ritaya:
Ban musa ba ɗana, zamani ya zo ko'ina. Amma a nan in ɗanka ya fara, ran nan za ka ji. A birni sai ya yi shekara.

Manomi Ɗan Roni:
Ina son in taɓo maganar gonar nan da kowa ya tsallake. Ka ce gonar gado da ƙaninka yake nomawa. An raba gadon ko ba a raba ba? Shekara nawa yana noma ta shi kaɗai? Don in ya shekara bakwai yana zuba mata taki yana kai amfanin gidansa yana ɗan aiko maka da gero da wake a kaka kana godiya, ranar da ka dawo ka ce a auna a ba ka naka, ran nan za ka ga wani ƙanin daban. Haka sashen da ka ce ba kowa sai tarkace, tarkacen na wani ne, kuma wataƙila wani ya riga ya sa ran nan zai sa amaryarsa. Ku zauna da duk magada har mata a yi magana a fili a rubuta kafin ka sayi bulo ko ɗaya.

Kuma kada ka ɗauka noma wani abin jingina ne da za ka riƙa yi da yamma bayan ka rufe shago. Taki kuɗi, huɗa kuɗi, 'yan ƙwadago kuɗi, maganin feshi kuɗi, damina kuma sau ɗaya ce a shekara in ruwa ya ɗauke da wuri shi ke nan. Hannun da ya saba da sukundireba ƙarama ba zai iya fartanya ba sai dai ka biya a yi maka.

Usta Mai Waya:
Abokin sana'a sannu. Ni ma Farm Centre na koya na dawo garinmu wajen Gumel shekara biyar yanzu, bari in ba ka yadda aikin yake ba kwaskwarima. Na farko wayoyin da za ka riƙa gani ba irin na can ba ne. Mafi yawa Itel ce da Tecno, da 'yar rakani masai mai madannai, matsalarsu bakin caji, sifika, maus wato abin ɗaukar magana, batir ya kumbura, ta faɗa ruwa. Aikin ɗari biyar, dubu ɗaya, in ya yi yawa dubu biyu. Mai iPhone ko babbar Samsung ko kana ƙofar gidansa ba zai ba ka ba, zai shiga mota ya kai Kano don a ganinsa na gida bai iya ba, ido wa ka raina. Duk ƙwarewar da ka yi a aikin injin waya da ɗaga IC, wato ƙananan sassan da ke manne a jikin injin, sai ta yi tsatsa, ni yanzu in aka kawo min irin wannan hannuna har rawa yake.

Na biyu kaya. A can in sikirin bai yi ba taku goma ka canzo wani. A nan sai ka kira Kano a ba direba a tasha, ka biya kuɗin saƙo, ya iso da yamma ka buɗe ka ga ba shi ba ne ko ya tsage a hanya, mai waya kuma yana zaune a benci tun azahar yana kallonka. Dole ka zuba jari ka ajiye kayan da aka fi nema, kuɗinka ya kwanta. Na uku wuta, kada ka yi lissafi da ita sam, ka sa kuɗin sola da batir a cikin kuɗin buɗe shago tun farko.

Amma fa ban ce ban samu ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne na daina ɗaukar kaina mai gyara kawai. Ina cajin waya, ina sayar da caja da iyafis da gilashin sikirin, ina tura karatu da wa'azi a memori, ran Alhamis in ɗauki jakata in tafi kasuwar Maigatari in kafa tebur, abin da nake samu ran nan wani lokacin ya fi na sauran kwana shida. Kuɗin da ke shigo min bai kai na Kano ba ko kusa, amma na gina ɗaki biyu na sayi tumaki, abin da shekara bakwai a Kano ban yi ba. Kai dai ka san irin mutumin da kake, in kana jin kunyar shimfiɗa tebur a kasuwar ƙauye rana tana dukanka to zauna inda kake.

Ɗan Kwari:
To ka ji. Ya bar gyaran iPhone ya koma tura wa'azi a memori, wannan ci gaban mai haƙan rijiya ne.

Usta Mai Waya:
Alhaji ni dai ba mai gidan da ke turo min ejan 😊

Abba Kwamfuta:
Me zai hana a raba ƙafa? Ka kai iyali Kazaure ka huta da haya da kuɗin ruwa, kai ka riƙe teburinka a Kano ka samu ɗaki ɗaya ku haɗa da wani, ran Juma'a da yamma ka tafi gida ka dawo Litinin da asuba. Kana Kurna ai titin ne a ƙofarka, daga Dawanau a karkata hanyar Dambatta. Mutane da yawa haka suke yi, ma'aikatan Dutse nawa ne iyalansu ke Kano.

Maman Khairat:
Wato a ɗauke ta daga kusa da iyayenta da sana'arta a kai ta gidan surukai, sannan shi kuma da ta bi saboda shi ya dawo Kano ya bar ta. Abba ka yi aure kuwa? Kuma daga ɗaki ɗaya ku haɗa da wani, shekara biyu sai mu ji an ce zaman gwauro ya ishe shi ya ga wata a Tarauni. Mun sha gani.

Abba Kwamfuta:
Anti ban yi ba tukuna, na janye 🙏

Malamin Firamare:
Shawarar Abba ba ta lalace duka ba, juya ta za a yi. Maimakon iyali su tafi shi ya zauna, shi ya fara tafiya su su zauna. Hayarka sai watan huɗu ko? To kana da watanni. Ka samu wani mai shago a bakin titi ko kusa da makarantar nan ka ajiye ƙaramin tebur kwana biyu ko uku a sati, sauran kwanakin kana Farm Centre, ka riƙa rubuta abin da ya shigo da wanda aka ce a rubuta. Ka tabbata gwajin ya haɗa da lokacin da ɗalibai ke nan da lokacin hutu. In wata uku ya yi littafin zai ba ka amsar da mu duk ba za mu iya ba ka ba. Kuma kada ka saki teburinka na Kano sai ka ga ƙasa, wuri a kasuwar nan in ka saki ba ka ƙara samu.

Baban Ilham:
Jama'a na gode Allah ya saka da alheri, na yi shiru kwana biyu ne don na je can ran Asabar, gani ya kori ji. Abin da na tarar: rufin ɗaki ɗaya ya zube ta kusurwa sai an canza kwano kusan rabi, ba masai a sashen sai an haƙa, kuma Manomi Ɗan Roni kamar kana wurin, tarkacen da na ce ashe kayan ƙanina ne, buhunan siminti shida har sun fara daskarewa, yana tara su ne zai gyara sashen ya yi aure bayan sallah. Bai ce min komai ba, ya ce Yaya ai gidanku ne, amma na ga fuskarsa. Hajiya kuwa tun da na faɗa mata take murna har ta fara lissafin inda za a ɗaura wa Ilham akuya.

Na zaga gari a kan acaɓa, abin da rabona da hawa a cikin gari tun da aka hana a Kano a 2013, na ƙirga masu gyaran waya bakwai daga tasha zuwa wajen makaranta, ban zaci sun kai haka ba. Na zauna wajen ɗaya kamar kwastoma kusan awa biyu, mutum huɗu suka zo, biyu bakin caji, ɗaya ya karɓi wayarsa ya ce zai aiko da kuɗin. Amma ya ce min aikin injin duk Kano suke aikawa, in akwai wanda ya iya a kusa su da kansu za su riƙa kawo masa. Wannan ta tsaya min a rai.

Da na dawo na zaunar da Maman Ilham na ce ta faɗa min tsakani da Allah. Ta yi kuka tukuna sannan ta ce za ta iya, amma sharaɗi biyu, ƙofarta daban da madafinta daban, kuma ba za a taɓa yara daga makaranta ba sai shekarar karatu ta ƙare. Ta kuma nuna min littafin cincin ɗinta, wlh ban san abin da take samu ya kai haka ba, kunya ta kama ni. Yanzu dai zan fara gwajin da Malam ya ce daga sati mai zuwa, Talata da Laraba ina can. Ejan kuma na roƙe shi ya tambayar min ko mai gida zai karɓi wata shida maimakon shekara.

Manomi Ɗan Roni:
To maganar sashen fa? Kada ka bar yaron nan da simintinsa yana daskarewa yana jiran ka gama gwaji.

Baban Ilham:
Na kira yayarmu da ke aure a Daura, ta ce za ta zo Juma'a ta sama a zauna gaba ɗaya.

Usta Mai Waya:
In za ka je Talatar ka taho da bakin caji irin na Type-C da yawa da na ƙananan Itel, su ne ke tafiya. Kuma ka zo da fitilarka da abin hura zafi mai aiki da batir in kana da shi, kada ka dogara da na mai shagon.

Mai POS Dambatta:
Ka sayi littafi biyu yaya. Ɗaya ba zai isa ba.